Zumunta a Ƙafa Take: Labarin Isawa, Gimi da Wusasa

 

A shirinmu na yau za mu koma baya, mu dubi wani yanki na tarihin ikkilisiya a ƙasar Hausa. Idan kuka buɗe wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 13, za ku ga marubucin ya haɗa gargaɗi biyu wuri ɗaya. Ya ce kada mu manta da shugabannin da suka kawo mana maganar Allah. Ya kuma ce kada mu daina karɓar baƙi da tunawa da masu shan wahala. Mutum zai iya tambaya, me ya haɗa tunawa da magabata da saukar baƙo? Tarihin da za mu ji yau zai ba mu amsa. Bishara ta iso ƙasar Zazzau ne a ƙafa. Wani ya tashi ya je wurin wani, wani ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, wani ya yi jinyar maƙwabcinsa, wani ya riƙe ɗan da ba shi ya haifa ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Haka bangaskiya ta zo mana, haka kuma ta zauna.

Malam Ibrahim da almajiransa

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Mutum ne mai zurfin karatu, yana da almajirai. Cikin nazarinsa sai hankalinsa ya tsaya a kan wuraren da Alƙur'ani ya ambaci Annabi Isa ɗan Maryama: yadda budurwa ta haife shi, yadda ya warkar da makafi da kutare, yadda ya ta da matattu, da yadda aka kira shi Kalmar Allah. Malam Ibrahim ya fara koya wa almajiransa su ba Isa girma na musamman, su kuma zuba ido ga komowarsa. Mutane suka sa musu suna Isawa.

Hukumar wancan zamani ta ga wannan koyarwa ta kauce hanya. Aka nemi ya janye maganarsa, ya ƙi. Wajen shekara ta 1867 aka tsire shi a kasuwar Kano. Labarin da zuriyar almajiransa suka riƙe shi ne, kafin mutuwarsa ya ce musu su bar gari, su yi jira, gama Allah zai ƙara musu haske a kan Isa. Suka watse cikin ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, har zuwa wajen duwatsun Ningi, inda hannun sarakuna bai cika kaiwa ba.

'Yan'uwa, mu tsaya mu yi tunani a nan. Waɗannan mutane ba su da majami'a, ba su da fasto, ba su da mai koya musu Linjila. Abin da suka sani game da Yesu kaɗan ne. Ba su san ma'anar gicciye da tashinsa daga matattu yadda Linjila ta bayyana ba. Duk da haka suka riƙe ɗan abin da ke hannunsu har kusan shekara 50. Wanda ya ji maganar daga bakin Malam Ibrahim yana saurayi, ya tsufa, ya yi furfura, waɗansu ma suka mutu ba su ga cikar alkawarin ba. To, ina maganar ta zauna duk waɗannan shekaru? A cikin gidaje ta zauna. Uba ya faɗa wa ɗa, uwa ta faɗa wa 'ya, malami ya faɗa wa almajiri. Suna noma, suna aure, suna binne matattunsu, suna kuma jira.

Likitan da aka kora daga Kano

Sa'ad da Isawa suke jira, Allah yana shirya wani a nesa. An haifi Walter Miller a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita, ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya tako ƙasarmu sai ya tafi Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yau, domin ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata da ke zaune a can. A nan ya haɗu da wani yaro mai suna Abdul Majid, ana ce masa Audu, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa hajji. Likita Miller ya taimaki yaron nan. Daga baya Audu ya zama ɗan gidansa da abokin aikinsa, ya kuma taimake shi ƙwarai wajen sanin Hausa. Ga shi tun daga farko, aikin ya soma ne da riƙon maraya.

A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar, har da shi kansa da Likita Miller, daga Legas zuwa Kano. Tafiyar ta ci watanni. Da suka isa, Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga garin. Suka juyo kudu suka sauka a Girku, a ƙasar Zazzau. A nan ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya rasu. A Girkun nan ne kuma Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin S.I.M., ya rasu a 1894. Ƙaramin gari ɗaya ya karɓi gawar masu bishara biyu cikin shekara shida, ba tare da an ga wani amfani a ido ba.

Likita Miller bai fid da zuciya ba. A 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Ya tara yara a gidansa, waɗansu 'yantattun bayi ne, waɗansu marayu, waɗansu kuwa iyayensu ne suka ba shi amana. Tarihi bai ɓoye halinsa ba. Mutum ne mai kaifin harshe, ya sha yin saɓani da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, da Turawan mulki, har da 'yan'uwansa 'yan mishan. Amma ya iya Hausa kamar a nan aka haife shi, ya zauna cikin mutane, ƙofarsa kuma a buɗe take. Shekaru suka wuce, masu ba da gaskiya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wanda yake auna aikin Allah da yawan jama'a, da ya ce likitan nan ya yi asarar ƙuruciyarsa.

Baƙin 1913

A shekara ta 1913, shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci har aka shiga yunwar da Kanawa suke kira Kakalaba, waɗansu samari biyu daga cikin Isawa suka zo Zariya wurin Likita Miller. Sun ji labari akwai wani Bature a birni da yake magana a kan Isa. Suka tako da ƙafarsu su ji da kunnensu. Likita ya karɓe su, ya saurari labarin kakanninsu, ya buɗe musu Linjila. Suka koma suka faɗa wa danginsu. Daga nan aka fara kai da kawowa, masu bi na Zariya suna zuwa ƙauyukan Isawa, su kuma suna zuwa birni.

Wannan ya tuna mana da Afolos, a Ayyukan Manzanni sura 18. Afolos mutum ne mai ilimi da himma, yana koyar da abin da ya sani game da Yesu, amma saninsa bai cika ba. Akila da matarsa Biriskila ba su tsaya cikin taro sun kunyata shi ba. Sun ja shi gefe, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Haka aka yi da Isawa. Ba a ce musu jiran kakanninsu banza ne ba. An ɗora ne a kan abin da suke da shi, aka nuna musu cewa Isan da suke girmamawa ya mutu domin zunubansu, ya kuma tashi.

Ba dukan Isawa ne suka karɓi baftisma ba. Da yawa sun ci gaba da bin hanyar kakanninsu. Amma waɗansu iyalai sun ba da gaskiya, suka ce wannan shi ne hasken da aka yi musu alkawari. Da samarin nan biyu sun ce hanya ta yi nisa, ko kuwa da likita ya ce yau ba shi da sukunin ganin baƙi, da wannan babi na tarihinmu bai rubutu ba.

Gimi: murna da kuka

Sababbin masu bin nan a warwatse suke, gida ɗaya a wannan ƙauye, gida biyu a wancan. Koya musu yana da wuya, waɗansu kuma suna shan tsangwama. Sai aka yi shawara a tara su wuri ɗaya. Aka sami izinin hukuma, cikin shekara biyu da suka biyo baya aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, a ƙasar Zazzau. Wanda ya zauna tare da su yana kiwonsu shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, wato zuriyar waɗanda aka kwasa daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Allah ya komo da jikan bayi ya zama makiyayin Hausawa.

Iyalai suka taso da kayansu, suka sare daji, suka gina ɗakuna, suka yi gonaki. Aka yi wurin sujada, yara suka fara karatu. Ku dubi irin murnar mutumin da ya girma yana ɓoye abin da ke zuciyarsa, yau ga shi yana raira waƙa ga Yesu da babbar murya, maƙwabcinsa na dama da na hagu suna amsawa. A ganin kowa, jiran shekara 50 ya ƙare, lokacin hutu ya zo.

Amma a bakin rafuffukan wannan ƙasa, cikin kurmi mai inuwa, akwai ƙudan tsando. Wurin da mata suke ɗiban ruwa da wanki, wurin da yara suke wanka, nan ne ƙudan yake zama. Cizonsa yana kawo ciwon barci. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a wuya. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai mutum ya rame, hankalinsa ya rikice, ya riƙa barci da rana tsaka, har ya kai ga barcin da ba a tashi. Magungunan da suka fara yin tasiri a kansa ba su bazu ba sai a shekarun 1920. Ciwon nan ya shiga Gimi. Cikin 'yan shekaru kaɗan ya kashe mutane da yawa, manya da yara. Waɗanda suka ragu suka bar wurin, ƙauyen ya watse.

Ƙaunatattu, wannan wuri ne mai wuyar ji. Mutane sun jira Allah shekara da shekaru, sun same shi, sun bar gonakin gado domin sunansa, sai ga kaburbura. Babu shakka akwai waɗanda suka ce, ai ga sakamakon barin hanyar iyaye. Har yau akwai masu irin wannan lissafi, ko a cikin ikkilisiya. Da zarar ɗan'uwa ya kwanta ciwo, ko kasuwa ta karye masa, sai a fara raɗa, ana neman zunubin da ya yi. A Yohanna sura 9 almajirai sun yi wa Yesu irin wannan tambaya game da mutumin da aka haifa makaho, ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya kawar da tambayar, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah zai yi. Tarihi ma ya nuna ƙudan tsando bai zaɓi addini ba. Ciwon barci ya addabi Musulmi da Maguzawa da Kirista a wannan yanki, har a shekarun 1930 da 1940 gwamnati ta yi babban aiki a ƙasar Anchau, ta sare kurmin bakin rafuffuka, ta ta da ƙauyuka, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Abin da ya kamata mu lura da shi a Gimi shi ne, ƙauyen ya mutu amma jama'ar ba ta mutu ba. Ciwon barci ciwo ne mai dogon jinya. Majinyaci yana bukatar mai ɗaga shi, mai ba shi kunu a baki, mai wanke shi. Wani ne ya yi wannan aiki. Iyaye suka mutu suka bar 'ya'ya, wani ne ya ɗauke su. Yaran da suka tsira, aka kai da yawansu Zariya, suka shiga makarantar mishan, suka tashi a hannun waɗanda ba su haife su ba.

Wusasa

A shekarun 1920 Turawan mulki da fada suka fi so mishan ya fita daga cikin ganuwar Zariya, wurin ma ya yi wa makarantar kaɗan. Likita Miller bai so barin cikin birni ba, domin a ganinsa wurin mai bishara yana tsakiyar jama'a ne. Amma aka ba da fili a Wusasa, bayan gari, kusa da dutsen Kufena. Rabaran Guy Bullen ya jagoranci ƙaurar. A 1929 aka gina majami'ar St. Bartholomew. Magina Hausawa ne suka gina ta da ƙasa, da bakan gizo, irin ginin da aka saba gani a gidajen sarakuna da manyan masallatai. Wanda ya shiga ya san a ƙasar Hausa yake. Aka kafa makaranta, aka kafa asibitin St. Luke. Masu bi na birni da ragowar mutanen Gimi suka zama tushen wannan sabuwar jama'a.

Shi kuwa Likita Miller ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, tare da taimakon Hausawa abokan aikinsa da 'yan waɗansu ƙungiyoyin mishan. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Wannan littafi ya wuce ƙasar Hausa nesa. Mutanen Filato, da na kudancin Zazzau, da na Tangale, da na Adamawa, da masu bi na ƙasar Nijar, duk suka karanta maganar Allah a cikinsa, har aka fito da sabuwar fassara wajen 1980. Yau idan Bajju da Angas da Bura suka haɗu a sujada suka yi addu'a da harshe ɗaya, suna cin amfanin wahalar wannan ƙaramar jama'a ce. Likita Miller ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Daga cikin jama'ar nan ta Zariya da Wusasa aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948. Aka sami Malam John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, zuriyar Isawa, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma zama ministan harkokin waje a 1979. A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon ya girma, domin mahaifinsa, Malam Yohanna Gowon, mai bishara ne daga ƙasar Angas da ya zo aiki a can. Ba mu ambaci sunayen nan don fahariya ba. Mun ambace su domin mu ga cewa a bayan kowane ɗayansu akwai gidajen da suka riƙe yara, da malaman da suka koyar ba don albashi mai yawa ba, da matan da suka dafa wa 'ya'yan wasu abinci. Sunayen waɗannan ba su shiga littattafai ba, amma Ubangiji ya san su.

Akwai kuma bambanci tsakanin Gimi da Wusasa da ya isa a lura. An kafa Gimi domin masu bi su zauna su kaɗai. Wusasa kuwa ta zauna a bakin Zariya, ƙofar asibitinta da ta makarantarta a buɗe ga kowa. Ba a tambayi mai naƙuda addininta kafin a karɓi haihuwarta ba. Musulmi da Kirista suka zauna maƙwabtan juna a garin, waɗansu ma dangi ɗaya ne. Ta haka mutanen ƙasar suka san Kirista a matsayin mai duba mara lafiya da mai koyar da yara.

Abin da ya rage gare mu

To, 'yan'uwa, me wannan tarihi yake faɗa mana a zamanmu na yau da kullum?

Da fari, yana magana da iyaye. Isawa sun riƙe ɗan haske kusan shekara 50 ba tare da majami'a ba, domin gida ya yi aikinsa. Mu kuwa muna da Littafi Mai Tsarki cikakke, da littafin waƙoƙi, da makarantar Lahadi, da wa'azi a rediyo. Amma makarantar Lahadi awa ɗaya ce ko biyu a mako. Sauran kwanakin yaro yana gida, yana kallon yadda baba yake yi wa mama magana, yadda ake auna hatsi idan za a sayar, yadda ake maganar maƙwabci idan ya ba da baya. Maigida, yaushe rabonka da tara iyalinka ku karanta maganar Allah bayan tuwon dare? Uwargida, 'ya'yanki sun taɓa jin labarin yadda bangaskiya ta shigo gidanku, wa ya fara karɓa, wace wahala ya sha? Idan ba a faɗa musu ba, za su ɗauka abin ya zo da sauƙi, abin da aka samu da sauƙi kuwa da sauƙi ake sake shi.

Na biyu, yana magana a kan ciwo da maraici. Yanzu zamanin waya ne. Ɗan'uwa yana kwance a asibiti, sai a aika masa gaisuwa ta WhatsApp, a ce an yi dubiya. Gaisuwar waya tana da kyau ga wanda yake nesa, musamman inda hanya ba ta da tsaro. Amma waya ba ta ɗaga majinyaci, ba ta kai wa mai jinya kwanon abinci, ba ta share wa gwauruwa gona. Muna gode wa Allah saboda iyayenmu na Zumuntar Mata, waɗanda a ikkilisiyoyi da yawa su ne na fari a gidan haihuwa da gidan makoki. Amma wannan aiki ba nasu ba ne su kaɗai. Yakubu, a sura ta fari ta wasiƙarsa, ya sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'aunin addini na gaskiya. Rikice-rikice da hare-haren da aka sha a ƙasarmu sun bar marayu a kusan kowace ikkilisiya. Bayan an yi jana'iza an watse, wa yake komawa gidan bayan wata uku ya tambayi kuɗin makarantar yaran? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan gida biyar suka haɗa kai, za su iya riƙe yaro ɗaya har ya gama karatu. Wanda ya ɗauki marayan Gimi bai san abin da yaron zai zama ba. Ya ɗauke shi ne domin yaro ne, kuma ba shi da kowa.

Na uku, yana magana a kan maƙwabtaka, nan ne kuwa ya fi wuya. Mun san abin da ya faru a watan Maris na 1987, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Zariya da Kaduna, aka ƙone majami'u da yawa. Mun san abin da ya faru a Kaduna a 2000, bayansa mutane suka yi ta ƙaura, Kirista suka fi taruwa a kudancin kogi, Musulmi a arewa. Wanda ya rasa ɗa ko gida, ba wanda zai ga laifinsa idan ya nemi wurin da zai kwana da kwanciyar rai. Amma mu lura da abin da rabuwar nan take haifarwa. Yara suna tashi ba su taɓa cin tuwon sallah daga gidan maƙwabci ba, su ma na wancan gefe ba su taɓa karɓar shinkafar Kirsimati ba. Abin da kowa ya sani game da ɗan'uwansa, a bakin masu zuga ya ji shi. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa mutanen Allah da suke zaman bauta a Babila, ya ce su nemi alherin garin da suke ciki, su yi masa addu'a. Idan an ce haka ga waɗanda suke baƙunci a ƙasar da ta ci su da yaƙi, balle mu da muke ƙasar haihuwarmu, cikin danginmu. Ko unguwa ta rabu, kasuwa tana haɗa mu, wurin aiki yana haɗa mu, asibiti yana haɗa mu. Abokin aikinka ya yi rashi, ka je ta'aziyya. Matar maƙwabcinki ta haihu, ki je barka. Ba a ce ka sayar da bangaskiyarka ba. Malam Ibrahim bai janye maganarsa ba, masu bi na Gimi ma ba su janye ba. Amma samarin 1913 sun iya zuwa wurin Likita Miller ne domin yana zaune inda za a same shi. Wataƙila a kusa da kai akwai mai tambaya a zuciyarsa game da Yesu, yana duba ko akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa a buɗe masa da fara'a.

Saboda haka, kafin Lahadi mai zuwa, bari kowannenmu ya tuna da mutum ɗaya da ya daɗe bai taka gidansa ba, ko tsoho ne da ƙafa ta hana shi zuwa sujada, ko gwauruwa, ko ɗan'uwan da aka yi saɓani da shi, ko maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba. Ka sa takalminka ka je. Ba sai kana da abin kaiwa ba. Ka zauna, ka gaishe shi, ka saurare shi.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, muna gode maka saboda bayinka da suka riga mu, waɗanda suka yi jira, da waɗanda suka yi tafiya, da waɗanda suka kwanta a Girku da Gimi, da waɗanda suka riƙe marayu. Ka sa gidajenmu su zama wurin da ake koyon sunanka. Ka ba mu ƙafafun zuwa wurin masu ciwo da masu makoki. Ka ta'azantar da waɗanda aka raba su da gidajensu, ka ba ƙasarmu salama. Ka bi da masu nemanka zuwa ga Ɗanka, ka kuma sa su same mu a shirye mu karɓe su. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Ubangiji ya sa muku albarka, ya kiyaye ku.